Ƙofar da Ba Kwaɗo

Shekarar da aka hana okada, wato 'yan acaɓa, hawa manyan titunan Legas, ita ce shekarar da na ci haƙƙin maƙwabciyata kwana tara ban sani ba.

Ina da wata tsohuwar kwamfutar tebur a ɗakina na Agege, da nake buga wa mutane takardun ɗaurin aure da na suna. Da jama'a suka fara cewa a riƙa tura musu ta waya, sai na sayi ɗan akwatin intanet mai cin layi. Ashe kwamfutar kurma ce, ba ta jin waifai. Aka ce in je Ikeja in sayo mata kunne.

Abin bai kai ɗan yatsa ba. Mai sayarwa ya ce, "Oga, soka shi kawai, shi ke nan." Allah Ya kiyashe mu da "shi ke nan" ɗin ɗan kasuwa. Na soka, shiru. Na cire, na hura ramin, na yi bismilla na sake sokawa, shiru. A cikin kwalin akwai ɗan faifai, amma bakin faifan kwamfutata ya shekara uku a rufe. Na koma Ikeja a bas ɗin danfo, awa biyu a hanyar da okada ke yi kafin shayi ya huce. Mai sayarwar ya ce in sauko da abin da ke faifan daga intanet. Na ce, bawan Allah, da ina da intanet me zai kawo ni wurinka? A zuwa na uku ya tausaya mini ya juye shi a filashi. Na zauna a bencinsa na rubuta duk abin da ya faɗa da ajami, domin boko nakan karanta, amma ban amince masa da abin da nake tsoron mantawa ba.

Ranar da ya kama, sunaye suka jeru a allon, wajen bakwai, duk haruffa da lambobi. Shida da hoton kwaɗo a gefe, ɗaya babu. Na yi tunani irin na mai hankali: ba a kulle wa mutum ƙofar ɗakinsa. Masu kwaɗo na mutane ne, marar kwaɗo nawa ne. Na danna, ya buɗe, na yi hamdala.

Kwana tara ina aiki, har karatun malamai nake saukewa. Ran na goma, bayan azahar, na ɗaga buzun salla sai ga ɗan akwatina a ƙasa, a mace, ko caji ban taɓa yi masa ba. Kwamfuta kuwa tana ta aikinta. Na dubi akwatin, na dubi allon. To rijiyar wa nake sha?

Na bi ɗakuna ina tambaya kamar mai cigiyar akuya. Ashe na Alhaja ne, mai sayar da goro a shagon da ke jingine da bangona. Bayarabiya ce, Hausa a bakinta kamar ta Kano, ni kuma Bagobiri. Duk wanda ya san wasan da ke tsakaninmu ya san hannun da na faɗa.

Na yi sallama na faɗa mata komai. Ta ajiye goron da take tsincewa.

"Kai ne? Kwana tara ina yi wa maigidana Alhaji faɗa, na ce shi ke cinye mini data da kallon ƙwallo! Har rantsuwa ya yi."

"Alhaja, ban sani ba. Ki faɗi abin da zan biya."

"Biya? Bawa yana biyan uwargijiyarsa? Malam guda, da gemu, ya shigo ta bango!"

"Ke ma ai kin bar ƙofa a buɗe."

"Ka ji Bagobiri. In na bar tukunya a buɗe sai ka sa hannu?"

Gaskiya ta faɗa. Na ce ni dai ba na son in tashi da wannan a wuyana gobe kiyama. Ta dube ni, ta dubi huhun goron da mota ta sauke mata a bakin titi.

"Ɗauko mini wancan. A ka."

Na cire hula na ɗauka. Tafiyar ba ta fi taku sittin ba, amma mahautan da ke dawowa daga mayankar Oko-Oba sai da suka tsaya kallo, wani har da tafi. Na sauke a gabanta ina haki.

Ta ƙwala wa mijinta kira ya fito shaida, sannan ta ce, "Na yafe, duniya da lahira."