'Yan Taɓaryar Gwaggo

Saura kaɗan in fasa ba da labarin nan. Mutum da furfura a gemu, ɗalibai na ce masa Dakta, ya fito ya faɗa wa duniya cewa ya iya lugude? Abokaina na teburin shayi a Setapak ba za su bar ni in sha ruwa ba. Amma maiɗakina ta ce in ban faɗa da bakina ba ita za ta faɗa, kuma na san nata da gishiri zai fito. To gara in riga ta.

Wata Asabar ce bayan la'asar, ruwan nan na Kuala Lumpur da ba ya sallama yana ta zuba, ina kishingiɗe a falo a gidanmu na Pantai Dalam. Sai na ji wani sauti daga ɗakin 'yata. Dim, dim, sai tafi, sai dim. Kafin hankalina ya dawo jikina, wallahi har na ji ƙanshin jiƙaƙƙen gero a hancina. Na ce to, wa ya hau da turmi bene?

Na leƙa. Ba turmi ba taɓarya. Yarinyar ce ta jingine waya a jikin littattafai tana buga ƙafa a ƙasa tana tafi, tana kwaikwayon wasu 'yan mata baƙaƙen fata na Amurka da suka yi sahu, kaya iri ɗaya kamar anko. Ita wannan 'ya tawa sunan mahaifiyata ta ci, don haka Mamana nake ce mata. Tana rarrafe muka zo ƙasar nan. Ka yi mata Hausa ta mayar maka da Turanci, ta liƙa masa lah ɗin nan na mutanen ƙasar a wutsiya.

Na ce, "Mamana, maƙwabcinmu na ƙasa zai zaci girgizar ƙasa ake."

Ba ta ko yi dariya ba. Ta jawo ni ta nuna min wani tsohon hoto marar kala. 'Yan mata ne ɗalibai, sun yi zaman ɗaukar hoto, wuyan riga har haɓa, ba mai murmushi. Ta ce su ne suka kafa ƙungiyar 'yan'uwantaka ta mata baƙaƙe a jami'arsu, wadda 'yan matan da take kwaikwayo ke ciki, fiye da shekara ɗari ke nan, lokacin da ko ganin baƙar mace a aji abin kallo ne. Ta bi su da yatsa tana faɗin sunan kowacce da ka, yarinyar da ba ta iya lissafa min ƙannen babanta ba.

Gaskiya ni ma suna burge ni. Na taɓa cin karo da jikokin tafiyar tasu a wani otal a Amurka, na je taro su ma sun zo nasu. Tsofaffi da sanda, 'yan mata da dogon takalmi, duk launi ɗaya. Mace ta hango wadda ba ta taɓa gani ba, ta rungume ta tana ce mata 'yar'uwa. Na daɗe a tsaye ina kallo har shayina ya huce.

Mamana ta ce ita da ƙawayenta, 'ya'yan ɗalibai da malamai na Sri Petaling da nan unguwarmu, so suke su kafa tasu. Duk yarinyar da aka kawo sabuwa daga gida su riƙe ta, su nuna mata jirgin ƙasan cikin gari na LRT, su zauna da ita a makaranta kar ta ci abinci ita kaɗai. Sai ta ƙara da cewa, "Ina jin kamar ni ɗaya ce daga cikinsu, Abba. Da ma mu ma muna da irinsu. Mu matanmu na da girki kawai suka yi lah."

Na ce, "Zauna, Mamana."

Garinmu ƙarami ne, rafi ya raba shi biyu, mu muna wannan gefe, sauran dangi suna ƙetare. Da rani rafin yashi ne, a ciki muke langa. Da damina kuwa sai ya tuna shi rafi ne. A lokacin ba injin niƙa ko ɗaya a garin. Duk tuwon da za a ci sai ya bi ta turmi: a yi sussuka, a yi surfe, a bakace, a wanke, a daka, a tankaɗe. In ka tashi da safe, kafin ka ji zakara na biyu ka ji turame sun ɗauka gida gida. Har muna gane na kowa. Na gidan liman a hankali yake kamar mai jan carbi. Na gidan mahauta kamar ana faɗa.

A gidanmu Yayata ce mai daka. Inna tun da ta haifi 'yan biyu bayanta ya riƙe, ko tulu ba ta iya ɗagawa. Sai ga shi Yaya ta ci jarrabawar makarantar kwana ta 'yan mata a birni, ita ce ta farko a garin. Baba ba ya ƙin boko, shi ya sa ta a firamare da hannunsa. Tambaya ɗaya ya yi, yana gyara ƙotar fartanya: "To wa zai yi daka?"

Tambayar kuwa ta gaskiya ce. Yaya ta shiga ɗaki. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma ranar turminmu ya yi ƙara fiye da na mahauta.

Nan Gwaggo ta shigo maganar. Yayar Baba ce, mijinta ya rasu, tana zaune bayan gidanmu tana sayar da fura. Gajeriya ce, amma in ta ɗaga taɓarya sai ka rantse ta ƙara tsawo. Ta tara ƙawayenta huɗu, duk 'yan ƙetare, waɗanda suka yi 'yan matanci tare. A gindin tsamiyar gidanta suka zauna, suka fasa goro ɗaya suka raba, suka yi alkawari: duk gidan da ya saki 'ya ta tafi makaranta, dakan gidan ya zama nasu, bi da bi, har ta gama. Suka kai ɗankwalayensu marina aka rino su shuɗi. Maza a dandali suka yi ta dariya, suka sa musu suna 'Yan Taɓarya. Gwaggo ta ce sunan ya yi, ta gode, ba sai sun yanka rago ba.

Baba ya yarda, amma da sharaɗi. Ya ce mata ne, mako biyu za su gaji. Ranar da duk ya dawo daga gona ya tarar ba gari a ƙwarya, washegari zai bi motar kasuwa ya ɗauko 'yarsa. Baba kuwa ba ya magana biyu.

Haka Yaya ta tafi da akwatin ƙarfe, mu kuma gidanmu ya zama gidan biki. Ka san dakan mutum ɗaya aiki ne, na mutum uku kuwa kiɗa ne. Su kewaye turmi, wannan ta saka wannan ta cire, taɓarya ba ta taɓa karo da 'yar'uwarta. In abin ya yi daɗi sai Gwaggo ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, ba ta ɓata bugu ba. Suna yi suna zolayar juna, wai waccan hannunta ya mutu tun da ta auri mai shago. Wadda duk ke son shiga cikinsu sai an gwada ta a turmi. In ta karya lugude a ce ta je ta ƙara cin tuwo ta dawo.

Ni ina ɗan shekara bakwai ko takwas, ba abin da nake so a duniya irin in zama ɗaya daga cikinsu. Sauran yara na son zama direban mota, ni shuɗin ɗankwali nake hange. Nakan ɓuya bayan rumbu da guntun icce ina dakan ƙasa, ina cillawa ina tafi, iccen na sauka a kaina. Namiji da taɓarya abin kunya ne a garinmu, na sani sarai. Amma kunne ba ya jin kunya, ya riga ya haddace bugun.

Rani ya wuce ba su yi fashi ba. Kaka ta wuce. Sai damina ta biyu, cikin watan da hatsi ya yi nisa a rumbu, aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye rafi ya cika har yana taɓa rassan giginya ƙanana na bakin gaɓa. Ranar kuwa 'yan ƙetare ke da daka. Gwaggo ce kaɗai a gefenmu, ita ma jiya kunama ta harbe ta a hannun dama wajen ɗibar itace, hannun ya yi suntum. Baba ya saɓa fartanya ya fita gonarsa ta tudu. Kowa ya san sharaɗinsa na nan.

Gwaggo ta gwada da hagu, taɓarya na karkacewa. Inna ta yunƙura za ta tashi, Gwaggo ta daka mata harara ta koma. Sai ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Kai mai dakan bayan rumbu. Ka zaci ba na ganinka? Kawo kujerar nan."

Aka ɗora ni a kan kujerar tsugunno don in kai bakin turmi, aka ba ni ƙaramar taɓaryar dakan yaji. Ita da hagu, ni da hannu biyu. Da farko muka yi ta karo, gero na tsalle, kaji na murna. Sai ta fara ƙirga min da ƙafa, tana buga ƙasa, in ta buga in saka. Can sai na ji abin ya zauna. Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Kamar ka daɗe kana tura ƙofa sai ka gane ja ake yi. Tafin hannuna ya yi ƙuraje ya fashe, ban ko ji ba. Har Inna daga ɗaki ta rangaɗa 'yar guɗa.

Muna cikin haka Baba ya yi gyaran murya a bakin zaure. Ruwa ya koro shi da wuri.

Ya dubi turmi, ya dubi ɗansa namiji a kan kujerar mata, fuska fari fat da gari. Ya ce, "Abin da ya rage ke nan. A kai mace boko, a mai da namiji mace. Gobe zan bi mota."

Gwaggo ba ta ajiye taɓarya ba. Ta ce, "Auta." Duk duniya ita kaɗai ke kiransa haka, kuma ba ta taɓa yi a gabanmu ba. "Shekarar da Innarmu ta kwanta, ni ina gidan miji, wa ya yi mata surfe har ta tashi? In faɗa, ko za ka faɗa?"

Baba ya kawar da kai. Ya dubi sama kamar mai duba hadari.

"Kuma naka duk tsaki ne," in ji ta. "Yaron nan ya fi ka hannu."

Ban san yadda za ta ƙare ba da a nan aka tsaya, don Baba in an kunyata shi yakan ƙara taurin kai. Amma sai muka ji hayaniya a waje. Su huɗun ne. Ruwa ya ɗan ja, suka riƙe hannun juna suka ratso shi, ya kai musu har ƙirji. Ga su nan sharkaf, zane na ɗiga, laka har gwiwa, kowacce da taɓaryarta a ka, shuɗin ɗankwali ya zuba ya rina musu goshi. Babbarsu ta gaida Baba a ladabce, ta ce a yi haƙuri sun makara, hanya ce ba kyau. Suka wuce shi suka kewaye turmi.

Baba ya bi su da kallo. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da bargonsa na sanyi da tsofaffin rigunansa, ya ajiye a bakin ƙofar Inna, ya ce a ba baƙi su sauya kar su yi mura. Da aka kawo tuwo ya ci, ya ce akwai tsaki. Ya ƙara. Maganar mota ba ta sake tashi ba.

Kafin su koma, Gwaggo ta yagi bakin ɗankwalinta ta ɗaura min a wuyan hannu. Ta ce na shiga, amma kar in faɗa a dandali. Yara kuwa sun ji, na sha suna har na shiga sakandare.

Bayan Yaya, 'yan mata da yawa sun bi. 'Yan Taɓarya suka ƙaru har ba na iya sanin kowa. Yaya ta dawo malama, ta riƙe makarantar garin har ta yi ritaya, ita ta ja kunnena har na zama abin da na zama. Daga baya aka kawo inji, turame suka koma kujerun zama a tsakar gida. Yanzu in na je gida da safe, ƙarar babur nake ji. A nan kuwa garin tuwo a leda muke samunsa in wani ya zo daga gida, ranar da babu mu yi tapau a mamak, wato mu sayo a ƙunshe daga gidan abincin Indiyawa Musulmi. Ba na cewa da ta fi yanzu, wanda ya taɓa surfe ba zai faɗi haka ba. Abin da ke damuna ɗaya ne: waɗancan na Amurka an ɗauke su hoto, namu ba wanda ya yi tunanin ɗauka.

Mamana ta saurare ni har na gama. Sai ta jawo waya ta ce in faɗa mata sunayensu ta rubuta. Nan na tsaya. Gwaggo dai Gwaggo ce. Sauran kuwa Inna ta gidan rini, Inna mai ƙosai, haka muka san su, wa ya isa ya kama sunan babba? Na ce bari mu kira Yaya ta bidiyo, ita ba ta mantuwa.

Muka same ta a tsakar gida da jikoki. Ta jero sunayen nan biyar tiryan-tiryan har da na iyayensu, ta yi musu addu'a. Mamana kuwa daɗi ya kwashe ta, ta shiga ba ta labari da gurguwar Hausarta, wai Abba ya yi daka a kan kujera ranar da rafi ya cika, ranar da Kaka ya ce gobe zai je ya ɗauko ta daga makaranta.

Yaya ta daina dariya. Ta matso da fuskarta jikin wayar har ba na ganin komai sai tabaraunta.

Ta ce, "Tsaya, yarinya. Ba ni ubanki. Kai, wace rana ce wannan? Dama an taɓa cewa za a je a ɗauko ni?"