Waƙar da Yaya Sambo bai ji ƙarshenta ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Sambo Tela na Gwandu, Allah ya jiƙansa. Duk shekara in watan ya zagayo nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin ya tafi da wata ƙishirwa da kowa a gidanmu ya sani: bai taɓa jin ƙarshen waƙar da ya fi so a duniya ba.

Tun yana saurayi, wani Ba'indiye malamin lissafi a wata makarantar sakandare yakan kawo masa ɗinkin wando. Wata rana ya tarar da Yaya yana bin waƙar fim ɗin Indiya a rediyo, sai ya yi dariya ya ce wannan ai ta yara ce. Da zai koma ƙasarsu ya kwafa masa kaset daga wani tsohon naɗi, muryar wani dattijon mawaƙi na arewacin Indiya wanda tuni ya rasu. Zaren ya ƙare waƙar ba ta ƙare ba. Ɗaya gefen kuma, ko mantuwa ce ko gaggawar tafiya, babu komai a kai.

Ustazu, haka Yaya ke kiran mawaƙin, kamar yadda ya ji malamin na kiransa. Babu ganga, babu amshi, sai wani abin kaɗawa mai tsirkiya da ke gurnani a ƙasa. Muryar takan fara can ƙasan maƙogwaro, ta kama sauti guda ta riƙe, ta juya shi, ta hau mataki ɗaya, ta sake saukowa kamar ta yi mantuwa. Ni mutumin kalangu ne, in kiɗa bai motsa kafaɗa ba ban ga amfaninsa ba. In na zo daga Kalgo na tarar da shi ido rufe, sai in ce, "Yaya, wanga bawan Allah ciwon ciki shika yi?" Ba ya ko buɗe ido. "Zamna, Umaru. Kai komi sai da gudu."

Malamin ya gaya masa cewa a can kowace waƙa da lokacinta, wannan ta faɗuwar rana ce. Yaya ya riƙe maganar kamar wasiyya. Bai taɓa sa ta da hantsi ba, ko waye ya roƙe shi. Bayan la'asar ne yake ɗage ƙafa daga keken ɗinki, ko da kuwa jajibirin salla ne, mutanen Masama da Malisa sun cika shago suna jiran kaya. In kaset ya kai inda yake yankewa, ƙas, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Saura kaɗan ya ƙare. Da an ƙara mai wuri kaɗan." Ya tambayi masu sayar da kaset a Birnin Kebbi da Sakkwato, ya yi wa alhazai sallahu, kowa sai ya dawo masa da waƙar fim.

Da daminar bana ɗiyarsa Maryam, wadda ke aikin jinya, ta faɗo gidana a Kalgo da sanyin safiya, waya a hannu. "Baffa, na gano Ustazu!" Ashe akwai bayin Allah a can Indiya da suka tattara tsofaffin naɗe-naɗe da suka daɗe a ajiye, suka gyara su, suka sa a intanet don kowa ya ji. Waƙar tana nan cif, daga farko har ƙarshe. Ta kai ɗan yatsa za ta danna, na riƙe mata hannu. Ni da na shekara talatin ina yi wa Yaya tsiya, ni ne na ce sai bayan la'asar, kuma sai a Gwandu, gaban mahaifiyarta, Adda Hajo.

A mota na yi ta tunanin me Yaya zai ce da wannan zamani. Na san da ya yi murna har ya rasa inda zai sa kansa. Na kuma san da ransa ya ɓaci in ya ga yadda muke sauraro yanzu, waƙa ba ta gama sallama ba an ture ta da babban yatsa an kamo wata. Shi a wurinsa sannu ba ta hana zuwa.

Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Muryar ta fito tas, babu shuu ɗin nan na kaset, har numfashin dattijon ana ji. Duk mun haddace hanyar, har muka doshi wurin da kaset ɗin yake yankewa. Sai Adda Hajo ta miƙe ta ɗauki butarta.

"Inda yat tsaya, nan ni ka tsayawa," in ji ta. "Ku ku ji mai sauran."

Ta shige ɗaki. Mu kuwa muka wuce inda Yaya bai taɓa wucewa ba. Ina jiran a rufe waƙa, sai ganga ta shigo. Dattijon nan da na raina ya saki murya, ya yi sama, ya yi ƙasa, suna tsere da makaɗin, har na ga kafaɗata tana motsi. Aka kira magariba bai gama ba, sai da muka tsayar, washegari da la'asar muka ƙarasa. Ashe duk abin da Yaya ya yi shekaru yana ji buɗewa ce kawai. A zaure ya zauna duk rayuwarsa, yana zaton ya kusa ƙuryar gida. Na yi kuka, ban ɓoye wa Maryam ba.

Da farko tausayinsa na ji. Yanzu godiya nake yi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma shi ya gane tun daga sallama, bai jira ganga ba kamar ni. Na gode wa malamin da ya ga tela ya cancanci irin wannan kyauta, na gode wa waɗanda suka adana muryar wani tsoho har ta iso Gwandu. Yaya bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Ya bar mutum biyu, ni da Maryam, da suka iya zama su saurari abu har ya nuna.

Allah ya kai haske kabarinsa, ya haɗa mu a Aljanna. Na ji ƙarshen waƙar, Yaya, kuma na riƙe shi da kyau. In mun haɗu, kai za ka zauna, ni in ba ka labari.