Baƙon Gwamnati a Shagon Labbo

Ranar da aka kawo wa Labbo wani yaro ɗan takarda, hadari ya haɗo daga gabas tun da hantsi, ya yi ta cika baki har azahar bai zubar da ko ɗigo ba. Ranar kasuwar Bafarawa ce. Ina zaune a rumfata ina tufkar igiya, don rumfata da shagonsa bango ɗaya ya raba, shekara ashirin da wani abu.

Labbo maganin dabbobi yake sayarwa. Bai yi boko ba, amma ya taso cikin garke a wajen kawunsa, kuma idan ya shinshina bakin tunkiya ya taɓa kunnenta, sai ya faɗa maka abin da ta ci jiya. Fulani daga bakin iyaka suna tsallake shaguna uku su zo nasa. 'Ya'yansa maza biyu duk sun bi fataucin Nijar, babu wanda ya tsaya.

A shekarar nan gwamnati ta fito da wani tsari: mai sana'a ya karɓi yaron da ya gama babbar makaranta, ya koya masa aiki shekara ɗaya, ita za ta riƙa biyan yaron. Wanda aka turo wa Labbo shi ne Is'haƙa, autan Tasalla mai daddawa ta Tozai. Ya karanci lafiyar dabbobi, ya yi shekara huɗu yana kabu-kabu da babur ɗin aro tsakanin Isa da Sabon Birni. Wannan shekarar ita ce damarsa. In ta wuce hannunsa bai iya komai ba, babur zai koma.

To, Labbo mutum ne mai kara. Da ya ga yaro da takalmi sau-ciki da takarda mai hatimi, sai ya ɗauke shi baƙo, baƙon ma na gwamnati. Ya aika Isa aka sayo kujerar roba, ya aje ta inda inuwa ta fi kauri. Kullum fura da nono. Idan Is'haƙa ya miƙe zai kama akuya, sai Labbo ya tare shi: "A'a Malam, zauna, kak ka ɓata tufanka." Yaron kuwa kunya ta hana shi musu da dattijo. Haka damina ta ƙare. Na ga yana ramewa a kan kujerar nan, ga fura kullum.

Da kaka ta yi, ran wata kasuwa, Tasalla ta aje tallanta a ƙofar shagon, ko sallamar kirki ba ta gama ba.

"Malam Labbo, ɗa na ba ka ko ango?"

"Subhanallahi, Inna Tasalla, mi ya yi zafi?"

"Wata huɗu ka aza min shi bisa kujera kamar mai jego. Jiya ya ce min babur za shi komawa."

Labbo ya dubi yaron, yaron ya dubi ƙasa. "Baƙon gwamnati na fa. Ƙaƙa za ni sa shi kama ƙafar akuya?"

"Gwamnati ta haife shi? Ni na goye shi ina dakan kalwa. Wanga da ka gani, kashin awaki ya rarrafa ciki. Sa shi aiki, in ya karye ni ka ɗaure shi."

Masu rumfuna suka fashe da dariya. Labbo bai yi ba. Ya daɗe yana shafa gemu.

Ba a yi la'asar ba wani Bafillace mai suna Usmanu ya jawo karsana, cikinta ya kumbura kamar ganga, ta shiga gonar da aka yanke ta ci tohon dawa. Labbo ya miƙe, ya yi kamar zai kira ni in riƙe masa ita yadda muka saba. Sai ya juya.

"Kai Is'haƙa! Tuɓe takalman ga, kama min ƙahonta."

Ranar ya fara kiran sunansa. Karsanar ta maka yaron da ƙasa sau biyu, ya tashi yana dariya, rigarsa duk kashi.

Daga nan shagon ya koma gidan gardama. Labbo da ido yake auna magani, Is'haƙa kuwa sai ya zagaya ƙirjin dabba da awon tela kafin ya ja allura. "Riga za ka ɗinka mata?" in ji Labbo. Shi kuma ya ce, "Baba, hancinka nan dai ba ya cikin littafi." Amma na sha ganin yaron ya sunkuya yana shinshinar bakin rago, na kuma ga Labbo ya ɗauki awon telan ran da yaron ya tafi Tozai. Ban taɓa jin daɗin zama a rumfata kamar watannin nan takwas ba.

Da shekara ta cika, biyan gwamnati ya tsaya. Is'haƙa ya zo yin sallama. Labbo ya ce, "Sallamar mi? Ranar kasuwa ka zo da wuri, akwai shanun Usmanu."

Yanzu hanya ta lalace, Fulanin da muka sani da yawa ba sa zuwa, kasuwar ma ba kamar da ba. Sun kwashe shagon sun mai da shi cikin garin Isa, Is'haƙa ne ke riƙe da shi, ya yi aure bara. Labbo idonsa ya yi rauni, yana gidan 'yarsa Fatu a can Isa, ba ya fita sai Juma'a.