Keken da Yajin Aiki Ya Cinye Mini

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, amma yajin aikin da muka yi a jamhuriya ta biyu kam ba zan manta da shi ba sai ranar da aka rufe ni. Har yau in na ji ƙararrawar keke sai raina ya sosu.

Lokacin ina lebura a wani kamfanin gyaran hanya da ya kafa sansani tsakanin Bodinga da Shagari, ya ɗan fi kusa da Shagari. Ƙauyenmu kuwa yana can bayan Kajiji, sai ka bar kwalta ka kutsa cikin yashi. Nisan bai taɓa damuna ba, don ina da keke. Baƙi ne, na naɗe shi da roba ja da shuɗiya, ga madubi, ga ƙararrawa mai daɗin amo. Albasar da na noma da hannuna ce ta saya mini shi, kuma ina ji da shi fiye da yadda ya kamata magidanci ya ji da ƙarfe.

Tare muke aiki da taubashina, ɗan kawuna, mutumin Bodinga. Shi ba shi da ko taya ɗaya, kullum sai ya roƙi direbobin tipa su rage masa hanya. In na iso ina kaɗa ƙararrawa sai ya ce, "Bawana, wanga keke ai ya hi ƙarhin ƙauye. Ba ni shi in kai shi shi ga gari." Ni kuma in ce ya fara sayen takalmi tukuna.

Sai kaya suka yi tsada, albashi ya daina kaiwa tsakiyar wata. Ƙungiyar ma'aikata ta tara mu a gindin wata bedi, wato bishiyar dogon yaro, aka ce kowa ya faɗi bukata. Aka ce ƙarin albashi, aka ce takalman aiki. Da wani ya ambaci motar da za ta riƙa kwaso ma'aikata, babu wanda ya kai ni ɗaga murya. Tayar keke ta fara wuyar samu a kasuwa, na ce in an ba da mota sai in hutar da nawa. Ban tambayi ta ina motar za ta biyo ba, babu kuma wanda ya faɗa.

Muka ajiye shebur. Mun ɗauka abin 'yan kwanaki ne, sai ga shi ya ja, manaja ya kafe, mu ma muka kafe. Daminar da ta wuce ba ta yi mana kyau ba, rumbuna ya riga ya yi ƙasa. Wata safiya uwargida ta ajiye mini ƙwarya babu komai a ciki, ta ce, "Malam, ɗiyan ga ba su san yajin aiki ba. Gero sunka sani."

A ranar na sayar da keken. Taubashina ne ya saya, don shi yajin bai cije shi ba, kawu yana da lambun albasa a Danchadi. Ya dafa sirdin ya ce, "Gara shi zamna cikin dangi." Na ce haka ne, na juya da sauri don kada ya ga idona. Daga nan da ƙafa nake zuwa bakin ƙofar sansani in tsaya da masu tsayuwa, shi kuwa ya zo a kan kekena, in ya ga dama.

Ranar da aka daidaita, sakataren ƙungiya ya hau kan duro ya faɗi abin da aka samu. An yi ɗan ƙari, za a ba da takalma, kuma babbar mota za ta riƙa tasowa daga Bodinga kowace safiya. Tunda kamfani ya ba da mota, da ta shige za a rufe ƙofa, wanda ya yawaita makara a sallame shi. Na yi tafi har tafina ya yi zafi kafin maganar ta sauka a kaina. Na matsa na ce, "Ranka shi daɗe, mu na wajen Kajiji hwa?"

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ai ba ku da yawa. Ku yi haƙuri, sai wani karo." Sai a lokacin na lura shugabannin namu kaf mutanen Bodinga ne da Dingyadi.

Haka na koma aiki, takalman nasara rataye a wuyana don ba sa tafiya cikin yashi. Sau da yawa ina hango motar tana karya kwana daga arewa, mutane cike a baya suna raha, ni ina sassarfa daga kudu. Kafin in iso maigadi ya ja ƙofa. Ba zan ɓoye ba, na yi kishin duk wanda ke cikin motar nan, har da waɗanda ba su taɓa yi mini komai ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ranar da na je Bodinga gaida kawu. Na tarar da keken a zaure an lulluɓe shi da tsohon zane. Ashe tunda mota ta samu, sai ranar Juma'a kawai ake hawansa. Na daure na ce wa taubashina ya ara mini shi ranakun aiki. Ya kaɗa ƙararrawar sau ɗaya, ya yi dariya ya ce, "Bawana, yashin ƙauyenku na cin taya, taya kau babu ta kasuwa. Kai ma hakanan kac ce gindin bedi." Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Kafin in tara abin fansar keken, akawu ya kira ni ya ce makarata ta yi yawa. Ni da na sayar da abin hawana don yajin, yarjejeniyar yajin ce ta kore ni.

Ba a jima ba sojoji suka karɓi mulki, aiki ya tsaya, kamfanin ya naɗe kayansa ya tafi da motarsa. Takalman kowa suka tsufa, ƙarin albashin ya bi albashin. Keken ne kaɗai ya rage, kuma da shi taubashina ya fara jigilar albasa daga Danchadi zuwa kasuwanni, har ya zama ɗan kasuwar da ake gaisarwa da girma. Muna zumunci, 'ya'yanmu ma sun yi auratayya, amma in ya kira ni bawansa har yanzu dariyata ba ta kaiwa ciki.

Matasa kan tambaye ni ko yajin namu ya biya. Nakan ce ya biya ƙwarai, su je Bodinga su ga wanda ya biya. Ban ce kada a yi yaji ba, don haƙƙi ba ya zuwa da kansa. Abin da na koya shi ne, kafin ka sayar da abin da kake da shi don a samo wa kowa, ka buɗe baki tun a gindin bedi ka tambaya ko motar za ta biyo ta ƙauyenku.