Murɗin Cikin Bindigar Baba

Bindigar toka da mahaifinmu ya bar mana a Lambara tana da zane a cikin bututunta, wasu layuka da suka murɗa a hankali kamar igiyar da ba a tuƙa sosai ba. Sai ka ɗaga ta wajen rana za ka gan su. Mulmulalliyar dalma ake ɗura mata, a naɗe da ƙyalle mai man shanu. Da ita nake korar gadu daga gonar dawa.

Wata ranar kasuwa yayana ya dawo daga Bodinga da magana. Wai wani maƙeri zai cire bututun ya sa sabo mai matsattsen murɗi, wanda ke kai harsashi nesa. Na ce a bari in yi tunani.

"Tunanin mi?" in ji shi. "Kai ko hura aka dama maka sai ka shinshina ta."

Gaskiya ya faɗa, haka nake. Na kasa cin abinci. Ina tsoron saɓa wa babba, ina kuma tsoron a taɓa abin da ba ya gyaruwa. Sai na hau mota na je wurin maƙerin da kaina.

Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce matsattsen murɗi na dogon harsashi ne, shi ke juya shi kada ya wuntsila. Mulmulalliyar dalma kuwa sassauƙan murɗi take so.

"To Baba, tsohon bututun hwa?" na tambayi maƙerin.

"In sare shi in yi laujuna. Ƙarhe ne mai kyau."

Da na ji laujuna, ban ƙara tambaya ba.

Washegari da hantsi yayana ya zo da babur zai tafi da ita. Ya tarar da ni zaune a zaure, na ɗora ta bisa cinyata.

"Miƙo, sarkin tsoro."

"Yaya, ka yi haƙuri. Ba ni badawa."

"Gadu zai yi maka dariya da wagga tsohuwa."

"Ya yi. Ba a yanka lalle ko ciyawa da ita ina raye."

Ya tayar da babur ya tafi. Har aka yi girbi ba ya amsa gaisuwata, ni kuwa ban fasa gaishe shi ba.

Bindigar ba ta nisa, na sani. Dole in matsa kusa da gadu har in ji gurnaninsa. To, nakan matsa.