Kuɓewar da kakata ta shuka

Duk sa'ad da jirgin sama ya gifta ta kan birnin Zariya, jikokina ko kai ba sa ɗagawa. Ni kuwa sai na ɗaga, don ƙararsa kakata take tuna mini.

Mijinta ya tafi Makka da ƙafa tun babana yana goye. A lokacin tafiyar shekaru ce, kuma mai tafiya sai ya raba kayansa, ya bi gida-gida yana neman gafara, ya ɗauki likkafaninsa. Haka kakanmu ya yi, ya fita ta ƙofar gari, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ita kuwa ta ƙi aure, ta tsufa a ɗakin da ya bar ta.

Ina 'yar yarinya, a ɗakinta nake kwana, aka fara cewa jirgi yana kwasar alhazai daga Kano, ka tashi yau, gobe kana Jidda. Wasu suka yi murna. Kakata fushi ta yi. Ta ajiye mazarinta ta ce, "Ashe nan da can ne? Abin da na tsufa ina jira?"

Ta ce sai ta je, kuma baffana, babban ɗanta, zai raka ta. Ƙanen mijinta, wanda shi ne maigida, ya shigo har tsakar gida yana faɗa. Ya ce hajjin da ƙafa ba ta sha ƙasa ba wane irin hajji ne, kuma tsohuwa kamarta ba za ta kai ba. Da ya ga ba ta da niyyar sauka, sai ya ce to ta raba kayanta kamar yadda aka saba.

"Malam, ba zan raba ko ludayi ba," in ji ta. "Hanyar nan ta ci mini miji. In Allah ya yarda ba za ta haɗa da ni ba."

Damina ce, ƙasa ta jiƙe tana ƙamshi. Ranar da za su hau jirgin ƙasa zuwa Kano, mata sun cika gida suna koke-koke, ita tana bayan ɗaki a duƙe tana shuka kuɓewa. Ta ce kada wanda ya tsinka, da hannunta za ta tsinka. Na tsorata ƙwarai. Kullum sai na leƙa shukar nan, gani nake in ta bushe kakata ba za ta dawo ba.

Ta dawo kuwa, a rame, kuɓewa ta yi 'ya'ya har wasu sun ƙosa. Kafin ta saurari 'yan barka sai da ta tsinko, aka kaɗa miya, ta aika wa ƙanen mijinta kwano guda. Ya cinye tas.

Daga baya na tambaye ta ko ta ji tsoro a sama. Ta ce ko runtsawa ba ta yi ba, ƙasa take ta kallo ta taga. "Kakanki yana can wani wuri a ƙasa. Na bi ta kansa, na yi masa sallama, na ƙarasa masa tafiyar."

Yanzu ganuwar garin ta zaizaye, tafiyar ta koma 'yan sa'o'i, amma yara suna ƙorafin nisa. Bana ni ma zan tafi, 'ya'yana suna ta cewa gwiwata ba za ta ɗauka ba. Na dai aiki jikata kasuwa ta sayo mini irin kuɓewa.