Shekarun Da Na Yi Ina Matar Wanda Ya Ɓace

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Lokacin da wannan abu ya same ni, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, mace da namiji, a nan cikin garin Potiskum. Iyayena suna Ngojin, aure ne ya kawo ni cikin gari. Bokona bai wuce firamare ba, na addini kuwa na iya sallata da azumina da 'yan surorin da nake sallah da su, a nan na tsaya. Ban taɓa zaton akwai wani abu a aure da mace za ta zauna ta karanta ba. A ganina aure biyayya ne da haƙuri da iya girki, sauran kuma na malamai ne.

Maigidana rakiyar shanu yake yi. Idan kasuwa ta ci aka loda tirela, shi ne zai hau sama tare da dabbobin har Kudu, yana lura da wadda ta faɗi ya tashe ta kada 'yan uwanta su tattake ta. Mutum ne mai yawan dariya, ban taɓa jin ya ɗaga min murya ba. Muna zaune gidansu tare da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, Babarbariya mai tsafta da son turaren wuta, da kuma wansa da iyalinsa a ɗaya sashen. Tafiyarsa ta ƙarshe ba ta bambanta da sauran ba. Ya kira ni ya ce sun sauke lafiya, amma motarsu ta lalace, zai biyo wata. Daga wannan kiran wayarsa ba ta sake shiga ba. Wansa ya je Kudu har sau biyu, ya bi kara, wato kasuwannin shanu, ya bi asibitoci da ofisoshin 'yan sanda da gidajen yari, ba wanda ya ce ya gan shi a raye, ba kuma wanda ya ce ya ga gawarsa.

Wadda mijinta ya mutu za a yi mata ta'aziyya, ta yi takaba, ta fita. Wadda aka saka za ta yi idda ta san inda ta dosa. Ni ba ko ɗaya. Idan na yi lalle na je biki, a ce dubi wadda mijinta ya ɓace tana kwalliya. Idan na zauna ba ado, Inna ta ce ina yi wa ɗanta takaba yana raye, ina jawo masa mugun abu. Kowa kuma ya zama malami a kaina. Wata maƙwabciya ta ce shekara bakwai ake jira. Wani tsoho abokin surukina marigayi ya ce sai an lissafa mijin ya cika shekara saba'in da haihuwa. Wan mijina ya ce muddin ba a ga gawa ba, ni matar ƙanensa ce har abada. Da na kai kuka wurin Baba, mahaifina, sai ya ce in yi haƙuri, shi ba zai zama wanda ya fara ɗaga maganar ba, kada a ce ya ƙosa.

Haka shekara ta shige, wata ta bi ta. Abin da maigidana ya bari bai kai mu ko'ina ba, na kama yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da shi nake ciyar da yarana, har da Inna, don wan mijina shi ma nauyinsa ya ishe shi. Zan faɗi abin da mata da yawa suke jin kunyar faɗa: ni mace ce mai jini a jika, ban kai talatin ba. Akwai dillalin da ya riƙa aiko min da nama da saƙon gaisuwa, kuma na san ba aure yake nufi ba, don ya san ba a auren matar wani. Allah ya tsare ni, amma na ga yadda mace take faɗawa halaka ba don tana so ba. Akwai ranar da na riƙe ledar naman nan na daɗe ina kallonta kafin na mayar masa da abinsa.

Islamiyyar matan aure da na shiga, ba neman mafita ne ya kai ni ba, kaɗaici ne. Wata ƙawata ce ta matsa min, ta ce ko ba komai zan riƙa ganin mutane. Malamarmu dattijuwa ce mai sanyin magana, ba ta tsallake babi, ba ta kuma jin kunyar bayani. Daga tsarki muka faro, muka yi sallah, muka yi azumi da zakka, sai da aka daɗe kafin mu iso babin aure. A nan na fara jin abubuwan da suka girgiza ni. Na ji cewa ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana haƙƙin mace ne da shari'a ta ɗora wa miji, ba alfarma ba. Na ji rabe-raben saki, da wanda ake kome a cikinsa da wanda ba a yi. Na ji wanda ya fi cancanta ya riƙe yara idan aure ya mutu. Na zama mai yawan tambaya har 'yan ajinmu suna min tsiya wai alƙaliya.

Ranar da Malama ta karanto hukuncin matar wanda ya ɓace, ban san lokacin da hawaye suka jiƙa min hijabi ba. Ashe halin da nake ciki yana da suna. Ashe malamai sun zauna tun da daɗewa sun yi tunanin mace irina. Bayan an tashi na tsaya, na kwashe komai na gaya mata. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi min bayani dalla-dalla. Ta ce zancen shekara saba'in na rabon dukiyar wanda ya ɓace ne, ba na matarsa ba, mutane ne suka cakuɗa. Ta ce mace tana da hanya biyu. Idan ya bar abin da za a ciyar da ita, za ta kai magana gaban alƙali, a yi cigiya, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Idan kuwa bai bar komai ba, tana iya neman alƙali ya raba auren saboda rashin ciyarwa da cutuwa, ba sai ta jira wannan tsawon lokaci ba. Na ce mata ai ni na riga na wuce shekara huɗun. Ta girgiza kai ta ce ba daga ranar da ya ɓace ake lissafi ba, sai an kai ƙara tukuna. Wato duk zaman da na yi ina haɗiye baƙin ciki, a wurin shari'a ban ma fara jira ba. Wannan ita ce nadamar da har yau take ci na. Ba wanda ya ɗaure ni sai rashin sani.

Ban yi gaggawa ba. Malama ta haɗa ni da maigidanta, wanda shi ma malami ne, ya tabbatar min da abin da ta faɗa, ya ce amma hukunci na alƙali ne, ba nasa ba. Na yi istihara, na je Ngojin na zauna gaban Baba na yi masa bayani kamar yadda aka karantar da ni. Da na gama, sai ya ce tunda addini ne ya ba ni, shi ba zai hana ni ba, kuma da kansa zai raka ni. Wadda ta fi min wuya ita ce Inna. Na same ta a ɗakinta bayan la'asar, na durƙusa na gaya mata. Ta ajiye carbinta.

"Wato kin kashe min ɗa ke nan, 'yar nan?"

"Inna, ban ce ya mutu ba, kuma ba zan ce ba. Ba takaba zan nema ba. Ki ci gaba da jiran ɗanki, ni ma ina roƙon Allah ya dawo da uban 'ya'yana. Igiyar kawai nake so a kwance min."

Ta juya min baya, ta kuma daina cin abincin da na dafa.

A kotu na tsorata da farko, don ban taɓa shiga ba. Amma da alƙali ya ce in faɗi abin da ke tafe da ni, sai na ji bakina ya buɗe. Na faɗi yadda mijina ya tafi, da neman da aka yi, na ce bai bar abin ciyarwa ba, ina neman a raba auren saboda haka da kuma cutuwar da nake ciki. Alƙali ya ɗago ya tambaye ni wa ya tsara min magana. Na ce Allah ya gafarta Malam, a Islamiyya na karanta. Ya sa aka yi cigiya a rediyo, aka aika wa shugabannin 'yan kara na can Kudu, ya kuma ce a kira dangin mijina. A zama na gaba wan mijina ya tashi ya ce ƙarya nake yi, shi yake ciyar da ni da yarana tun ranar da ƙanensa ya tafi. Na san ba mugunta ce ta sa shi ba, gani yake idan na bar gidan, ƙanensa ya tafi ke nan har abada. Amma maganarsa tana iya rusa min komai. Alƙali ya ce kowa ya kawo shaidunsa.

Na kawo maƙwabta biyu da suka san sana'ata. Abin da ban zata ba shi ne ganin Inna ta sauko daga Keke Napep a ƙofar kotu, tana dogara sanda. Na ɗauka babban ɗanta ta zo mara wa baya. Da aka ba ta dama, sai ta yi magana da Hausarta mai karin Barebari, ba ta kalli kowa ba.

"Allah ya gafarta Malam, ni tsohuwa ce, kabari nake jira. Yarinyar nan ita take ci da kanta, ita take ci da ni. Ɗana yana nan da rai in Allah ya so, amma kada a riƙe 'yar mutane saboda ni."

Wan mijina ya sunkuyar da kai. Bayan wa'adin da aka ɗiba ya cika ba labari, alƙali ya rantsar da ni, ya raba auren da saki ɗaya. Ya bayyana min cewa idan mijina ya dawo kafin in gama idda, yana da halin ciyar da ni, yana da ikon mayar da ni. Na ce na sani, kuma na yarda. Allah ya sani, a cikin iddar nan na fi kowane lokaci sa kunne ga sallamarsa. Bai zo ba.

Da na gama idda aka taso da maganar yara, wan mijina ya ce 'ya'yan gidansu ne, a nan za su zauna. Wannan karon ko kotu ba mu je ba. Na ce a kira limamin unguwa, na faɗi a gabansa cewa riƙo nawa ne, idan na yi aure ya koma hannun mahaifiyata, shi kuma yana nan a matsayin uba mai lura da tarbiyyarsu. Liman ya ce haka abin yake. Ban yi amfani da wannan na raba su da danginsu ba. Duk ranar da ba makaranta suna wurin Inna, har Allah ya karɓi ranta. Ni na yi jinyarta tare da matar babban ɗanta, duk da a lokacin na riga na yi wani auren, da izinin maigidana na yanzu, wanda malamin makaranta ne da matarsa ta rasu. Uban 'ya'yana kuwa har yau da nake wannan rubutu ba a ji ɗuriyarsa ba. Ba na cewa marigayi idan na ambace shi, yaran ma na hana su.

Na ci gaba da karatuna, yanzu ni nake taimaka wa Malama da ajin masu farawa. Ban zama malamar da za ta ba da fatawa ba, kuma duk wadda ta zo min da matsala, wurin masana nake tura ta. Amma na ga mata da yawa da aka saka ba su san an sake su ba, da waɗanda aka raba da jarirai suna kuka suna cewa haka addini ya ce, da waɗanda suke zaune kamar yadda na zauna. Mafi yawansu ba mugaye ne suka cuce su ba, masoyansu ne da suka faɗi abin da ba su sani ba da sunan addini.

Don haka 'yan uwana mata, ku karanta babin aure da saki tun kuna cikin daɗin aurenku, kada ku bari sai ruwa ya ƙare muku. Zuwa gaban alƙali neman haƙƙi ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin haƙuri ba ne. Iyaye, idan 'yarku ta kawo kuka, kada ku tsaya a kan ta yi haƙuri, ku kama hannunta ku je ku tambaya. Ku kuma masu saurin cewa shari'a ta ce kaza, ku ji tsoron Allah. Kalma ɗaya kuke faɗa ku tashi ku kama harkokinku, wadda kuka faɗa wa ita ce za ta zauna a ɗaki tana biyanta da ƙuruciyarta.